GUMIN DA BA A GOGE BA

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa na bar Guduma cikin mota kwana huɗu ba ruwa ba iska, na ji, ku yi haƙuri, yau za ta fito. Amma wanda ya zo neman abin dariya ya koma shafukan baya, a nan babu.

*

Minti arba'in Guduma ta yi a zaune cikin mota a bakin wani shagon ɗinki kafin ta iya buɗe ƙofa. Matar da a zamaninta in ta tashi sama a gaban raga 'yan matan ɗaya ɓangaren ke kare fuska, wai yau ita ce taku goma ya gagara. Shekara ashirin da shida ke nan da ta ciyo wa jami'arsu kofin ƙwallon raga na ƙasa. Ta yi shekara tara tana buga wasa a ƙasashen waje, ta dawo da gwiwa mai ƙara da kafaɗar da ba ta shiri da sanyi, yanzu ita ce shugabar wasanni a wata makarantar 'yan mata. Har yau ba mai kiranta da ainihin sunanta. Guduma dai, tun daga ɗalibai har mijinta in tsokana ta motsa masa.

Ran Asabar jami'ar za ta sa sunanta a zauren wasanni, kuma an zaɓi wadda za ta miƙa mata rigar girmamawa a gaban jama'a. Wajen wannan matar ta zo.

Shagon ƙarami ne. Kekunan ɗinki biyu, rigunan wasa rataye a igiya, kwali cike da lambobin da aka yanka ba a manna ba, sai ƙwallaye uku da suka fashe aka kawo gyara. Can ƙurya akwai labule mai ruwan toka. A bayan keke wata 'yar guntuwar mata ce zaune, ƙafarta ta hagu a miƙe kan kujera, sandarta jingine da bango.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikis salam. Sunkuya, ƙofar nan ba ta san manya ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da ta kai ƙarshen ɗinkin, ta ciji zaren, sannan ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ai na ɗauka a motar za ki tare. Tun ɗazu nake kallonki ta gilashi."

"Gajera..."

"Har yanzu dai ban ƙara tsawo ba. Jawo kujera."

Wannan ce Gajera, mai ɗaga mata ƙwallo shekara huɗu a jami'a, kuma ɗakinsu ɗaya. Duk wani dukan da Guduma ta yi aka tafa mata, daga yatsun matar nan ya fito. Sai dai mutane ba sa tafa wa mai ɗagawa, wanda ya buga suke gani. Rabon da su haɗu ido da ido shekara bakwai, sai gaisuwar waya, ita ma a tsaitsaye.

Gajera ta janyo wata riga ta warware ta. Shuɗiya ce, da lamba tara fara sol a baya.

"Ni suka ba ɗinkin. Na ƙara miki faɗi, kada ki ce ban faɗa miki ba. Ba jikin da ba ne."

Guduma ta yi ƙoƙarin murmushi, ya ƙi zuwa.

"Ba zan iya karɓarta daga hannunki ba."

"Hannun nawa ƙazanta gare shi?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

"Akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba. In kin ji, ke da kanki za ki ce ba za ki je ba."

Gajera ta ninke rigar a hankali ta ajiye, ta ɗora hannu a kai.

"Ina jin ki."

Guduma ta jawo kujera ta zauna. Ta shirya maganar nan a mota, ta shirya ta a banɗaki, ta shirya ta shekara da shekaru, amma yanzu ta rasa ta inda za ta kama.

"Kin tuna ranar kofi? Zagaye na biyar?"

Gajera ta dubi ƙafarta da ke kan kujera, ta dubi Guduma.

"Kin ga alamar na manta?"

"Muna da sha huɗu, suna da sha uku. Maki ɗaya ya rage mana."

"Kuma ke kika ciyo mana na sha huɗun. Kika yi sufa kika tare ƙwallon da kowa ya cire rai da ita. Na sani. Wuce nan."

"Da na tashi na ga wajen. Rigata duk ta jiƙe, na bar gumi a katakon nan, tsawonsa ya kai kamu biyu. Daidai inda kike biyowa in za ki shigo gaban raga."

Wanda bai taɓa buga wasan nan ba zai ce gumi kawai? To katakon zauren wasa in ya sha gumi ya fi sabulu santsi. Shi ya sa dokar take a bakin kowace yarinya tun ranar da ta fara: in kin faɗi kin jiƙa fili, ki ɗaga hannu. Alƙalin wasa zai dakata, mai goge fili ta shigo da tsummanta, cikin daƙiƙa goma an gama. A jami'arsu wata dattijuwa ce ke wannan aikin, kullum tana tsugune a gefen fili da tsumma a hannu, 'yan wasa suna ce mata Inna Mai Tsumma.

"Na kalli ɗaya ɓangaren," Guduma ta ci gaba. "Kyaftin ɗinsu ta dafa gwiwa tana haki. Biyu daga cikinsu suna faɗa da juna. Sun gama amfani da hutunsu. Na ce in aka tsaya gogewa za su samu numfashi, su dawo hayyacinsu."

"Sai kika yi me?"

"Sai na tsaya a kan wajen. Na rufe shi da ƙafafuna don kada alƙali ya gani, kada Inna ta gani. Har aka busa usur."

Wata babbar mota ta wuce a titi, gilashin shagon ya yi ƙara.

Sauran kowa ya sani, har a jarida an buga. An bugo ƙwallo, Gajera ta shigo da gudu, ƙafarta ta zame a lokacin da yatsunta suka taɓa ƙwallon. Duk da haka ta ɗaga ta. Guduma ta tashi ta sauke dukan da ya kawo kofi. Zaure ya ɗauki ihu, har ba wanda ya ji ƙarar ƙashin da ya karye a ƙugu da gwiwar yarinya 'yar shekara ashirin da biyu. Aiki huɗu aka yi mata, ba ta sake taka ƙafar daidai ba.

"Ni na karya ki, Gajera. Ba tsautsayi ba ne. Ni ce."

Hawaye ya ɓalle mata. Ta sunkuyar da kai tana jiran zagi, ko mari, ko a ce ta fita. Wallahi da an mare ta da ta ji sanyi.

"Shi ke nan?" in ji Gajera.

Guduma ta ɗago.

"Na ce shi ke nan maganar? Ita ce ta zaunar da ke minti arba'in a mota kina ƙona mai?"

"Ba ki ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji. Ai na sani."

Guduma ta share hawayenta da bayan hannu.

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ina kwance a asibiti da ƙarfe a ƙafa. Ke, mene ne aikina a filin nan? Shekara huɗu ba abin da nake kallo kafin usur sai hannunki, don in san irin ƙwallon da kike so. Ranar yatsa biyu kika nuna min a jikin cinyarki, kina son doguwa. Na ga kin tsaya a inda ba wajenki ba, na yi mamaki. Da aka ce min gumi ne ya kayar da ni, sai na haɗa lissafi."

"Kuma ba ki taɓa faɗa ba."

"In ce me? A fili aka yi. Mun so kofin nan kamar hauka, ni da ke. Da ni ce a wajenki, ban rantse ba zan yi haka ba. Ƙafa kam na yafe ta tun kafin a cire min ɗinki."

Wani numfashi Guduma ta sauke, irin wanda ta manta rabon da ta yi. Ta kai hannu za ta riƙe na ƙawarta, Gajera ta janye nata.

"Tsaya. Ban gama ba. Ƙafa na ce. Ba ki faɗi ta kwamiti ba."

Guduma ta mayar da hannunta kan cinyarta.

"Bayan sati biyu jami'a ta kafa kwamiti, ina asibiti, ba wanda ya tambaye ni komai. Suka kira ki. Me suka ce miki?"

"Gajera, don Allah..."

"Me suka ce miki?"

"Suka ce... da kika faɗi, kin nemi a goge?"

"Kika ce?"

Muryar da ta fito daga bakinta ko ita da ƙyar ta ji.

"Na ce na ɗaga hannu, Inna ba ta zo ba."

"Ɗaga murya. A fili ai har titi ake jin ki."

"Na ce na ɗaga hannu! An riga an kira ni ƙungiyar ƙasa a satin, Gajera. Koci ya ce in aka samu laifina za a cire sunana. Shekarata ashirin da uku, tsoro ne ya kama ni."

"Ita kuma shekararta hamsin da ɗaya, da 'ya'ya uku, ba miji. Ita tsoro bai san gidanta ba?"

Guduma ta kawar da kai.

"A ranar suka sallame ta. Sati ɗaya suka ba ta ta kwashe kayanta daga gidan ma'aikata. Matar da take ɓoye miki ruwan sanyi a ƙarƙashin benci. Matar da take wanke miki rigar wasa da hannunta in kin makara."

"Na neme ta da na dawo."

"Ƙarya kike. Sau ɗaya kika tambayi mai gadi, ya ce bai sani ba, kika ji daɗi a ranki kika shiga mota."

Gaskiya ce, kuma ta shige ta har ƙashi. Ta ji daɗin wannan amsar a lokacin, ta kuma yi ta gaya wa kanta cewa tsohuwar ta koma wajen danginta, ko ma ta riga mu gidan gaskiya tuntuni.

"Allah ya jiƙanta," ta faɗa a hankali. "Da tana raye da na..."

"Wa ya ce miki ta mutu?"

Guduma ta ƙura mata ido.

Gajera ta sauke ƙafarta daga kujera da hannu biyu, ta rage murya.

"Kin san wa ya yi jinyata? Mahaifiyata tana nesa, ga ƙanana. Inna ce. Ta samu aikin shara a asibitin don kawai ta kasance kusa da ni. Ita ke juya ni, ita ke kai ni banɗaki. Kullum sai ta riƙe ƙafar nan tana kuka, wai in yafe mata, idonta ne ya ci amanarta."

"Ta yarda da abin da na faɗa wa kwamiti?"

"Har gobe. Sau biyu ina gaya mata gaskiya. Na farko ta ce lallashinta nake yi. Na biyu ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba, wai ina ɓata sunan 'yar mutane. Ta ce Guduma ba ta ƙarya, in ta ce ta ɗaga hannu to ta ɗaga. Da idon nata ya soma mutuwa daga baya, sai ta ce ka ji, dama tun lokacin ya fara."

Guduma ta toshe baki da tafin hannu.

"Babban ɗanta ya rasu, sauran biyun suna can wata uwa duniya suna fama da kansu. Shekara huɗu ke nan tana wajena. Ba ta gani ko kaɗan. Amma kin san me take yi kullum da safe kafin in fito? Sai ta durƙusa ta bi daɓen nan da tafin hannu, tun daga bakin ɗaki har gindin keken nan, tana lalube ko akwai danshi. Na hana, na yi faɗa, na ɓoye tsumma. Sai ta cire ɗankwalinta ta goge da shi. Ta ce sau ɗaya ta yi sakaci, ba za ta yi na biyu ba."

Guduma ta kalli daɓen da ke ƙarƙashin takalminta. Tsaf yake, ko zare ɗaya babu, a shagon tela. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ta ɗage ƙafafunta daga kai.

"Tana ina?"

Gajera ta nuna labulen da haɓa.

Taku huɗu ne tsakaninsu. Duk maganar nan da ake yi, taku huɗu.

"Barci take, maganin yana sa ta barci da rana. Likita ya ce zuciyar ta gaji, mu dai mu yi ta addu'a. Wata ɗaya, wata biyu, Allah ne masani. Ta ji labarin Asabar a rediyo, tun ranar take damuna in goge mata kayanta masu kyau, wai ko a keken asibiti ne sai an kai ta ta ji ana kiran sunan 'yarta."

"Me ya sa ba ki kira ni ba duk shekarun nan?"

"Na kira ki. Sau nawa nake cewa ki zo shago ki gani? Kullum kina da taro." Ta ɗauki sandarta. "Kuma ba ni na ɗaura mata ba, Guduma. Na gwada kwancewa, ya ƙi. Bakin da ya ɗaura take jira, ko da ba ta san tana jira ba."

"In na faɗa mata zai iya kashe ta."

"Zai iya."

"In ban faɗa ba..."

"Za ta tafi tana ganin ita ta gurgunta ni. Zaɓi ɗaya. Ni dai riga na ɗinka, in kin ga dama ki ɗauka ki tafi, ran Asabar in miƙa miki in yi murmushi a ɗauke mu hoto. Ba wanda zai ji daga bakina."

Guduma ta kalli ƙofar waje. Motarta na nan a rana, makullin na hannunta. Ba zan ɓoye muku ba, ta yi tunanin tashi. Mutum ba ya shekara ashirin da shida yana gudu ƙafarsa ta manta hanya a yini ɗaya.

Sai ga tari daga bayan labule.

"Gajera? Ke da wa?"

Murya ce siririya, ta shaƙe, amma Guduma ta gane ta nan take. Ita ce mai ce musu ku sha ruwa 'yan nan, ku sha ruwa.

"Baƙuwa muka yi, Inna."

"Baƙuwa? Ni fa kamar a mafarki na ji wata murya. Ce mata ta ƙara magana."

Gajera ta kalli Guduma.

"Ni ce, Inna."

Sai gado ya yi ƙara.

"Guduma? Guduma tawa? Allahu akbar! Gajera, kama ni in tashi. A'a, bari, ke zauna da ƙafarki. Shigo 'yar nan, shigo. Ki kula da bakin ƙofa, na goge ɗazu, kada ya zama bai bushe ba."

Guduma ba ta san lokacin da ta ɗaga labulen ba. Ɗaki ne ɗan ƙarami, gado ɗaya, rediyo a kan taga, kwalaben magani a faranti. A kan gadon wata 'yar tsohuwa ce da ta ƙanƙance kamar yarinya, idanunta farare fat, hannuwanta biyu a miƙe suna laluben iska. Guduma ta zube a gaban gadon, gwiwarta ta yi ƙara.

"Ka ji gwiwa, ke ma tsufa ya zo," in ji Inna tana dariya da hawaye tare. Ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗarta. "Tubarkalla, har yanzu ƙatuwa. Kina cin abinci dai? Yaran fa? An ce har da mai buga ƙwallo a cikinsu?"

"Suna lafiya, Inna."

"Alhamdu lillahi. Na roƙi Allah kada ya ɗauke ni sai na ji muryarki. Akwai nauyin da nake ɗauke da shi."

Ta laluba har ta kamo hannun Guduma na dama. Ta riƙe shi da nata biyun, ta ɗaga shi sama kaɗan, iya ƙarfinta.

"Wannan ne ko? Shi kika ɗaga min ban gani ba. Ranar farin cikinki na ɓata miki ita da jini da asibiti. 'Yar uwarki ta yafe min, saura ke. Ki yafe min, Guduma, in samu in kwanta da sauƙi."

Gajera na tsaye a bakin labule, ta dogara da sanda, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.

Guduma ta buɗe baki. Kalma biyu ce kawai, na yafe, tsohuwa ta yi murmushi, kowa ya huta. Ta ji kalmomin sun zo har kan harshenta.

"Inna."

"Na'am, 'yata."

"Ban ɗaga ba."

"Me?"

"Hannun nan ban ɗaga shi ba. Na ga gumin, na tsaya a kai don kada ki gani. A gaban kwamiti ƙarya na yi miki. Idonki lafiyarsa ƙalau ranar, Inna. Ba ki yi sakaci ba, ko sau ɗaya."

Murmushin bai bar fuskar tsohuwar nan take ba, a hankali ya dinga janyewa. Ba ta saki hannun ba. Sai ma ta ƙara damƙe shi, har Guduma ta ji farcenta na shiga fatarta.

Ta juya fararen idanunta wajen ƙofa.

"Gajera."

"Na'am, Inna."

"Fita. Ki ja mana labulen."